Shekara guda muna tuƙa kwale-kwale, yanzu muna son gangarawa daga Yawuri: wane wata ya fi?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne abokai, duk a Kano muke, kuma bara war haka babu wanda ya taɓa riƙe filafili a cikinmu. Abin ya faro ne a madatsar Tiga, ranar da muka je sayen kifi muka tarar da wani dattijo masunci yana ɗinkin raga a gaɓa. Muka roƙe shi ya ɗan zaga da mu. Ya ce ya yarda, amma mu za mu tuƙa, shi zai zauna a baya yana gyara kan jirgin. Sai da muka yi Asabar uku kafin kwale-kwalen ya fara bin inda muke so. Tun daga nan ba mu taɓa fashin wata ba.

Tafiyar da ta fi shiga raina ita ce ta Nguru a watan Janairu. Bayan sallar asuba muka shiga ruwa, ga sanyi, ga hazo, hannu har ba ya son riƙe itace. Kacalla ta cinye hanyoyin ruwan, wani wurin filafili ba ya aiki sai an tokara da gwangwala, ciyawa tana goga mana kafaɗa hagu da dama. Can sai muka ɓulla fili, kawai tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, sararin ya yi duhu. Matuƙinmu ya ce da yawansu baƙi ne, daga Turai suke zuwa cin hunturu su koma. Abokina tela, mai yawan surutu, bai ƙara cewa uffan ba har muka fito. Mun kuma leƙa Argungu mun ga Matan Fada, sai dai ba lokacin biki ba ne, kwana ɗaya muka yi.

A Yuni ne muka sha da ƙyar. Muka ɗauki jirgi a Tiga mu kaɗai, hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu kai gaɓa iska ta taso, ruwa yana faɗowa ciki, ɗayanmu yana kwarfewa da roba. Biyu daga cikinmu ba su iya iyo ba. Allah ne ya tsare.

To yanzu muna son mu rufe shekarar da babbar tafiya, daga Yelwan Yawuri mu gangara kogin Kwara zuwa Wara, muna kwana a hanya. Wane wata ya fi dacewa? Kuma za mu iya mu kaɗai, ko dole sai da ɗan gari?

Jikan Sarkawa:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, a Yelwa aka haife ni, zan gaya maka gaskiya: ruwan da kake magana ba Tiga ba ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, daga ƙasan Yawuri kogin ya zama tafki, akwai inda ba ka hango ɗaya gaɓar. Garuruwa da gonaki da itatuwa duk suna ƙarƙashi. Idan ruwa ya ja baya, kututturan nan suna dab da sama ba ka ganin su, su ne ke fasa jirage. Mutanen Wara ba za su manta da jirgin da ya nutse a Mayun 2021 ba, rayuka masu yawa suka salwanta.

Kwara cika biyu take yi. Ta farko ruwan damina ne na kusa, mai laka, wajen Satumba. Ta biyu ruwan Gini ne da ke daɗewa a hanya, ya iso mana cikin hunturu a tace. Ni dai da wannan ta biyun zan zaɓa muku, Disamba zuwa Janairu: ruwa a cike, babu hadari. Amma ku fita da sassafe, ku kama gaɓa kafin azahar, don iskar hunturu ma tana tayar da igiya, kuma ranar da hazo ya yi kauri ku zauna. Ku fara gaida Sarkin Ruwa, shi zai haɗa ku da matuƙi, ku kuma tambayi halin tsaron kowace gaɓa kafin ku sa ranar kwana a cikinta. Ku kaɗai kam a'a.

Uwar Biyu:
Ƙanena, ban ji ka ambaci rigar kariya ba ko sau ɗaya, kuma ka ce biyu ba su iya iyo ba. Mu 'yan Bagwai ne. A Nuwamban 2021 ɗaliban Islamiyya suka nutse a ruwan Watari a hanyar zuwa maulidi, har yau gabana faɗuwa yake idan na ga yara a jirgi. Don Allah ku sayi riguna huɗu, ku ƙara ta matuƙin, ku ɗaura tun daga gaɓa. Waɗancan biyun kuma su koyi iyo kafin hunturu.

Baƙon Yamai:
Ƙari kan maganar ɗan Yawuri: mu nan sama, wajen Ayoru, dorina muke tsoro fiye da iska. In kun hangi kunnuwa da hanci a saman ruwa, kada ku shiga tsakaninta da wuri mai zurfi, musamman mai ɗa. Ku tambayi masunta ko akwai ta a hanyarku. In kun gama da can ku zo Yamai, daga Bubon mu gangaro tare da yamma.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, maganarki ta shige ni, na karanta wa sauran jiya da dare, mun haɗa kuɗin riguna biyar. Jikan Sarkawa, mun tsayar da Janairu in Allah ya kai mu. Kwana nawa kake ganin za mu yi zuwa Wara idan da azahar muke tsayawa, kuma ruwan sha daga Yelwa za mu ɗauka ko ana samu a tungayen hanya?