Yarona ba ya shan madara, ba ya cin ƙwai da gyaɗa: me zan ba shi ya gina jiki?

Maman Auta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa biyu da 'yan watanni, ban daɗe da yaye shi ba. Likita ya tabbatar jikinsa ba ya karɓar madarar shanu da ƙwai da gyaɗa. Madara da ƙwai borin jini suke sa shi da amai. Gyaɗa kuwa leɓensa ne ya kumbura, muryarsa ta shaƙe, sai da aka kwantar da mu. Tun daga nan na dakatar da wake, don an ce mini dangin gyaɗa ne, kifi ma na bari saboda tsoro, duk da a da yana cin su lafiya ƙalau. Yanzu daga kunun gero sai tuwo sai shinkafa da manja, ga shi ya fara ramewa. Kakarsa ta ce in riƙa ba shi kunun gyaɗa cokali-cokali har ya saba. Ni dai gabana faɗuwa yake. Me zan ba shi?

Hajiya Babba, Maraɗi: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya. Ki nemi nonon akuya mai kyau ki dama masa fura. Mu da shi aka rene mu, ya fi na shanu sauƙi a ciki. Ga fara kuma in lokacinta ya zo, ba abin da ya kai ta gina jiki.

Anti Nas: Hajiya, a yi mini afuwa, nonon akuya kada ta kusance shi. Furotin ɗin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikinsa da na tunkiya kusan iri ɗaya ne da na saniya, shi ya sa mafi yawan yaran da madarar shanu ke tayar wa, na akuya ma tayar musu yake. Kindirmo da cuku da man shanu duk hukuncinsu ɗaya. Maganar kakarsa kuma, Maman Auta, ki ba ta haƙuri cikin ladabi, amma yaron da gyaɗa ta taɓa shaƙe wa murya ba a gwaji da shi a gida. Cokali ɗaya ya isa ya toshe masa numfashi.

Sai ainihin tambayarki. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku, furotin ɗin da yake bukata a yini bai wuce giram 13 ko kusa da haka ba. Mutane suna ɗauka abu ne mai yawa, alhali ba haka ba ne. Dafaffen wake giram 100, wato kamar rabin kofi, yana da giram 7 zuwa 8. Tsokar kaza girman akwatin ashana ita ma kusan haka. Kin ga da waɗannan biyun kaɗai kin cike gurbin, ba a ma lissafa na cikin geron ba. Rashin ƙwai ba zai hana ɗanki girma ba, janye wake da kifin nan ne ya fi damuna.

Gaskiya ne wake da gyaɗa dangi ne a shuka, amma galibin yaran da gyaɗa ke tayar wa suna cin wake ba tare da wata matsala ba, naki kuma ya riga ya ci kin gani. Cire abincin da jiki ke karɓa na dogon lokaci yana iya sa ranar da aka dawo da shi jikin ya ƙi shi. Ki faɗa wa likitansa tsawon lokacin da kika dakatar, in ya amince ki mayar da su cikin makon nan. Ki haɗa waken da hatsi, don abin da gero da shinkafa suka rasa wake na da shi: shinkafa da wake, faten wake da dankali, alale na gida ba ƙwai, ɗanwake da manja. Nama, kaza, hanta sau ɗaya a mako saboda ƙarin jini. Kada ki ji tsoron kaza don ƙwai na tayar masa, yawanci ba su haɗu ba.

Fara kuwa a dakata tukuna. Tana da alaƙa da jatan lande da kaguwa wajen borin jini, kuma masu soya ta sau da yawa da man gyaɗa da yajin ƙuli suke haɗawa.

Uwar 'Yan Biyu: Ni inda zan ja hankalinki shi ne inda gyaɗa ke ɓuya, don 'yata ma haka take, kuma a ƙasar Hausa gyaɗa ta shiga komai. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake daka shi. Kilishi a cikin tunkuza ake tsoma shi. Dambun nama, ƙosai, awara, waina, yawancin masu sana'a da man gyaɗa suke suya, kuma man gyaɗar da mata ke matsewa a gida ba a tace yake ba, furotin ɗin na nan a ciki. Miyar taushe, fate, kwaɗon zogale da na rama, dakuwa, garin kunun yara da ake sayarwa a leda, duk ki tambaya kafin ya kai baki.

Wanda mutane ba sa tunawa shi ne injin niƙa na unguwa. Wata ta markaɗa gyaɗarta, ke kin zuba wakenki a baya, shi ke nan. Ko ki sayi ƙaramin inji na gida, ko ki koma turmi, turmin ma a ware masa nasa.

Madara kuma tana cikin Milo da Cerelac da yawancin biskit, ga alawar madara da gullisuwa da yara ke miƙa wa juna a ƙofar gida. In kin ga an rubuta whey ko casein a jikin kwali, madara ce. Ki sanar da maƙwabta da yayyensa ƙarara. Wasu za su ce kin cika iyayi, ki bar su su ce.

Maman Auta: Na gode ƙwarai. Wallahi ban taɓa kawo maganar inji a raina ba. To waken suya fa? Wata ta ce in yi masa madararsa da awara. Kuma maƙwabciyata ta ce in kai shi a ba shi abincin tamowan nan na leda tunda ya rame.

Anti Nas: Wannan na ledar kada ya lasa. Da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai ake yin sa, abu biyu cikin ukun da ke tayar masa. Ki kai shi asibiti a auna nauyinsa da kaurin damtsensa: kaurin da ke ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 matsakaiciya. Amma tun kafin su miƙo komai ki faɗa musu larurarsa, ki sa a rubuta a katinsa.

Waken suya ya fi duk wake furotin, busasshensa giram 100 na da kusan giram 36. Sai dai wani kaso na yaran da madara ke tayar wa shi ma yana tayar musu. In bai taɓa ci ba, ki tambayi likita tukuna. Haka riɗi da agushi da gurjiya. Duk sabon abu a fara shi da safe, yaro na cikin ƙoshin lafiya, ɗan kaɗan, abu ɗaya tak, a bar kwana uku kafin a ƙara wani. In kin haɗa biyu ya yi bori, ba za ki san mai laifin ba.

Abin da madara ke bayarwa wanda wake ba zai maye ba shi ne kalsiyam na ginin ƙashi. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙayarsu suna taimakawa, haka miyar kuka da zogale. Ki daka kifin ya yi laushi sosai, ki tankaɗe, ki riƙa barbaɗa cokali ɗaya a miyarsa. Madarar suya ta gida ba ta da kalsiyam mai yawa, don haka ki tambaya ko zai bukaci na ƙari daga asibiti. Ki kuma riƙa zuba ɗan manja a abincinsa, ramar wani lokaci ƙarancin maiƙo ne.

Baban Yara, Zariya: A yi mini izini in sa baki a zancen mata. Ki nemi a tura ku sashen yara na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika, ki ga masu tsara abinci. Yara da yawa suna rabuwa da borin madara da na ƙwai in sun tasa, na gyaɗa ne ya fi zama, kusan ɗaya cikin biyar ke rabuwa da shi. Gwajin ko ya rabu da shi a asibiti ake yi a gaban likita. Sannan ki sani Piriton ƙaiƙayi da borin fata kawai yake kwantarwa. In kin ga kumburin harshe, ko numfashi na fita da ƙyar, ko jikinsa ya saki, allurar adirenalin ake bukata nan take. Ki tambayi wane asibiti mafi kusa da ku ke da ita, mahaifinsa ma ya sani.

Maman Auta: Allah ya saka da alheri. Gobe zan kira likitan kan wake da kifin. Anti Nas, ranar da za mu asibiti zan roƙi kakarsa ta raka mu, ta ji daga bakin likita da kanta.