Neman shawara: za mu sake jinginar da gidanmu, kuma a cikinsa nake sana'a

Mai Kayan Gara (Unguwar Dosa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar banki da ta filaye ku ba ni shawara, abin ya hana ni sukuni.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne. Da rancen asusun gidaje na ƙasa, NHF, ya sayi gidan da muke ciki, ana cira a albashinsa duk wata, saura kamar naira miliyan 3. Ni kuma kayan gara da na biki nake yi: alkaki, dublan, nakiya, cincin da kek. A kicin na fara, yanzu garejin gaba ɗaya ya koma wurin aiki, ga obin, ga tukwanen gas, ga 'yan mata uku masu taya ni. Oda tana zuwa har wata sai in ba da haƙuri, don wurin ya yi mana kaɗan.

Wani banki ya ce zai ba maigida miliyan 8. Su biya ragowar bashin farko, su karɓi takardar gidan, sauran mu gina ɗaki biyu a baya da shago a jikin katanga, mu sa sola da sabon obin. Shi ya gamsu, ya ce sana'ar za ta biya. To a fom ɗin akwai inda aka tambaya ko ana kasuwanci a gidan, abokinsa ya ce ya rubuta a'a, wai idan ya ce e za a ja masa rai. A faɗa musu ko a yi shiru? Ita kanta sake jinginar, dabara ce ko ganganci? Ba mu da wani gida sai wannan.

Tsohon Ma'aikacin Banki (Malali):
Wa alaikumus salam. Hajiya, a sashen ba da rance na yi aiki, bari mu fara da lissafi kafin maganar fom.

Rancen NHF kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, ana iya biyansa har shekara 30. Babu bankin kasuwanci da zai ba ku kwatankwacinsa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, su kuwa bankuna a sama da haka suke ba mutane. Mu ƙaddara kashi 30 za su yanka muku. Miliyan 3 ɗin da ta rage, ruwanta yanzu wajen dubu 180 ne a shekara. Ranar da aka mayar da ita sabon banki ya koma dubu 900, alhali ko bulo ɗaya ba ku ƙara ba. Miliyan 8 kuwa, ruwanta kaɗai wajen dubu 200 ne duk wata a farkon biya, uwar kuɗi tana nan ba a taɓa ta ba.

Ki ɗauko littafin odarki. Bayan kin cire fulawa, sukari, mai, gas da kuɗin 'yan matan, abin da ke saura ya kai haka? Kada ki auna da Sha'aban ko Disamba, lokacin da biki ke cika gari. Ki auna da watan da kasuwa ta fi mutuwa, domin banki bai san azumi ba, bai san damina ba. Sannan miliyan 5 ɗin ba za ta iso hannunku cif ba: kuɗin mai kimanta gida, na lauya, na sitam, na rajista, na inshora da kason banki duk a jikinta za a zabtare. Kuma NHF ba ya ba da rance don a biya bashin wani banki, idan kun fita kun fita ke nan.

Maganar fom, kada ya rubuta a'a. Banki zai turo mai kimantawa ya zagaye gidan yana ɗaukar hoto. Zai buɗe garejin ya ga tire-tire a jere da buhunan fulawa, ya rubuta a rahotonsa. Ko da ya wuce bai gani ba, takardun rance kusan duka suna da sharaɗin cewa idan an gano bayanin ƙarya banki na iya neman kuɗinsa gaba ɗaya nan take.

Maman Biyu (Kawo):
Ni ma ɗinki nake yi a gida, kekuna huɗu a falo, ina bin maganar nan. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, Anti.

Lauya (Barnawa):
Abin da Yallaɓai ya faɗa haka yake. Zan ƙara ta ɓangaren takarda, don a nan mutane suka fi yin sakaci.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce ba a jinginar da fili mai C of O, wato takardar shaidar mallaka, sai da amincewarsa. Tun 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda rashin wannan amincewa, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, shi ya sa bankuna ba sa wasa da ita. A nan Kaduna ta hannun KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ake bi. Sai bankin farko ya ba da takardar sakin jingina an yi mata rajista, a biya duk harajin filin da ake bin gidan, sannan a nemi amincewa kan sabuwa. Ba aikin mako ɗaya ba ne.

Ki ce wa maigida ya duba kwafin C of O ɗinsa, akwai layin da ya faɗi abin da aka ba da filin dominsa. Na gidajen unguwa, zama ake rubutawa. Mace ta soya cincin a kicinta ta sayar, ban taɓa ganin an ɗaga wa wata hankali a kan haka ba. Amma fasa katanga a buɗe shago da gina ɗakunan sana'a wani abu ne daban. Yana buƙatar izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kuma idan kasuwanci ya rinjayi zama sai an nemi canjin amfanin fili, wanda ke zuwa da nasa kuɗin da ƙarin haraji. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke mallaka idan an saɓa sharaɗin da ke cikin takardar. Duk ɗan Kaduna ya ga jan fentin alamar rusau a jikin katangu a shekarun nan, ba sai na yi dogon bayani ba.

Ko kun fasa sabon rancen, ku karanta yarjejeniyar da ke kanku yanzu. Galibi tana hana sauya fasalin gida ba da sanin mai bin bashi ba.

Ɗan Kasuwar Bacci:
Ni dai ina ganin kuna tsorata baiwar Allah. Wadda oda ta yi wa yawa har take mayarwa, ai kasuwarta ce ke kiranta. Da rashin tayi akan bar araha. Ku koma ku ji sharuɗɗansu dalla-dalla, ku nemi ragi, ku je banki biyu ko uku. Jari ba ya faɗowa daga sama.

Uwar Gida (Kinkinau):
Alhaji, jin sharuɗɗa ba laifi ba ne, amma bari in faɗa wa 'yar uwata abin da na gani da idona. Maƙwabciyata suyar kaji take yi ta biki. Wata rana da la'asar tiyon gas ya tsage, wuta ta cinye kicin da rufin ɗaki biyu, Allah ya tsare rai. Gidan yana da inshorar gobara, don banki ya wajabta. Da mutanen kamfanin suka zo suka ƙirga tukwanen gas da manyan kaskon suya, sai suka ce su gidan zama suka yi wa inshora, ba wurin sana'a ba. Ba su biya ba. Suna haya a wani wuri, ana ci gaba da cire musu kuɗin banki.

Ke da kike aiki da wuta kullum, ko da rance ko babu, ki sa maigida ya sanar da kamfanin inshorar ku a rubuce, ko ku koma takaful, wato inshorar Musulunci, ku faɗi gaskiyar abin da ake yi a gidan. Ƙarin da za a ɗora muku bai kai asarar rufi ba.

Malam (Tudun Wada):
Malama, jingina a kan kanta halal ce, Annabi (SAW) ya jinginar da sulkensa ya karɓi sha'ir. Ruwan da ke kan bashin shi ne riba, kuma ya kamata ku tattauna wannan ke da maigidanki tun kafin lissafi. Bankunan da ba sa harka da ruwa suna nan a gari. Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Kaduna na cikin rassansa uku na farko, ga TAJ da Lotus sun biyo baya. A tsarin murabaha ba kuɗi za su ba ki ba, su za su sayi obin ɗin da sola su sayar miki da ribar da aka sani tun farko, ki biya kaɗan-kaɗan. Ban ce araha ce ba, su ma suna cin riba sosai kuma suna neman jingina. Amma farashin da aka yanka ba ya hawa daga baya.

Mai Kayan Gara (Unguwar Dosa):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare muka zauna da maigida ya karanta duk amsoshin nan. Maganar rubuta a'a ya bar ta, shagon katanga ma mun ajiye shi. Ɗakunan ne har yanzu ransa ke kai. Yallaɓai, idan obin da sola kawai zan nema, dole sai da takardar gida?

Tsohon Ma'aikacin Banki (Malali):
Ba dole ba ne, Hajiya. Tun 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar kadarorin da ake iya ɗagawa, doka ta biyo baya a 2017. Obin, janareta, firiza, har kayan da za a sayo miki, ana iya yi musu rajista su tsaya a matsayin jingina. Ƙananan bankuna sun fi karɓar irin wannan, sai dai ruwansu wata-wata suke faɗa, ki ninka shi sau 12 kafin ki sa hannu.

Abin da za su nema shi ne shaidar cewa sana'ar tana da rai. Ki yi wa sunanta rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe mata asusunta daban, duk kuɗin oda ya riƙa shiga can ba asusun cefane ba. Bayan wata shida zuwa shekara kina da takardar da za ki nuna. Ɗakunan kuma, maigida ya tambayi ƙungiyar adashin ma'aikata ta ofishinsu, rancensu ya fi na banki sauƙi kuma ba sa karɓar takardar gida. Ku gina ɗaya tukuna, da izinin KASUPDA a hannu kafin a haƙa tushe.