Abin da 'yan'uwa suka faɗa kan karon motoci da zargin maye a Saudiyya

Jama'a, na tattaro maganganunku kan abin da ke biyo bayan karon motoci da yawa, musamman a hanyar Jidda zuwa Makka.

1. Kowa ya yarda: kada ka bar wurin. Idan akwai rauni, a kira motar asibiti a 997, 'yan sandan hanya, wato Murur, a 993. Najm, wato kamfanin da ke duba haɗarin motoci masu inshora, na zuwa ne idan ba wanda ya ji ciwo.

2. Idan jami'i ya ga ido ja, harshe na karyewa, ko ya ji wari, ana iya kai direba gwajin jini ko fitsari. Direbobin da suka daɗe sun ja kunne sosai kan ƙwayar kaftagon da wasu ke sha don kore barci a doguwar tafiya. Ni ma nan na fi jin tsoro, domin yaranmu ne ke faɗawa.

3. Mai shan maganin asibiti mai sa barci ya riƙe takardar likita.

An rabu kan sulhu. Wasu sun ce a sasanta a gefen titi, mafi yawa suka ce a'a, idan ana zargin maye hukuma ce kaɗai ke da magana, kuma inshora na iya dawowa kan direban ta karɓi kuɗinta.