Devdas na 2002: ni kuka na sha, Yaya ya ce ƙyalli ne kawai

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Daren Asabar da yara suka yi barci na sake kunna Devdas, na Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit, awa uku cur. Karo na huɗu ke nan, amma da aka zo inda Paro, masoyiyar Devdas, ta kwasa da gudu, mijinta ya sa aka turo ƙofar gidan, shi kuma Devdas yana kwance gindin bishiya rai na fita, sai da na jiƙe mayafina. Da safe nake ba Yayana labari, ya tuntsire da dariya, wai masu sharhin fim da dama a Indiya sun ce ado ya danne labarin. Abin ya ɗaure min kai. Fim ɗin da aka nuna a bikin Cannes na Faransa, Indiya ta tura shi Oscar, ya shiga takarar BAFTA a Ingila, ta ina ya gaza?

Tsohon Ɗan Kallo:
Wa alaikumus salam 'yata. Yayanki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ki. Asalin labarin littafi ne ɗan ƙarami da Sarat Chandra Chattopadhyay ya fitar da harshen Bengali a 1917. Bimal Roy ya yi fim ɗinsa a 1955 da Dilip Kumar, baƙi da fari, babu hayaniya. Masu sharhin da suka girma da wannan, da shi suka auna na 2002 da kika kalla, wanda Sanjay Leela Bhansali ya shirya. A littafin Kalkata yaron ya je karatu, Bhansali ya tura shi Landan shekara 10. A littafin Paro da Chandramukhi, 'yar rawar da ta kamu da son Devdas, ba su taɓa haɗuwa ba, shi kuwa ya haɗa su har ya sa suka yi rawa tare. Gidan Paro kuma, wadda aka ce danginta ba su kai na Devdas ba, gilasai masu launi ko'ina kamar fada. To ya za a yi mai kallo ya ji raini da ake musu? Wannan ne ƙorafin. Waɗanda suka yaba, musamman a waje, wannan almubazzarancin ne ma ya burge su. Kuɗin da aka zuba masa ba a taɓa zuba wa wani fim na Indiya ba a lokacin, kuma ya ci lambar yabo ta ƙasa guda 5.

Ɗan Kwari:
Anti, ki yi haƙuri, ni ba ado ne matsalata ba, Devdas ɗin ne. Uwarsa ta wulaƙanta uwar Paro a gaban taro, ya gudu ya aiko da wasiƙa wai ba soyayya tsakaninsu. Ranar aurenta ya dawo, ya fasa mata goshi da sarƙa. Daga nan sai kwalba. Irin wannan ake wa kuka? Da ƙanwata ce ko ƙofar gida ba zai ƙara gani ba.

Uwar Biyu:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Ban san akwai na Dilip Kumar ba, zan nema.

Ɗan Kwari, ai ba don shi nake kuka ba. Paro nake gani, an ɗauke ta an ba bazawari mai manyan 'ya'ya don kawai uwarta ta huce takaici. Ina da 'yar ajinmu da aka yi wa kusan haka, shi ya sa. Maganar gilasan gidansu kuwa na yarda, sai yanzu na lura. Amma rawar nan ta su biyu, ko littafin bai yarda ba, ni a bar min ita.