Me za mu kira aikin tayar da ado a jikin fallen ƙarfe?

Mai Basilla: Salamu alaikum. Ina neman kalmar Hausa ta aikin da Turawa ke kira embossing, wanda ake yi a fallen alminiyum ko jan ƙarfe marar kauri, sannan a ɗinka shi a yadi ko a manna a allo. Wasu na cewa sassaƙa, ni kuwa ba ta kwanta mini ba.

Maƙerin Fari: Wa alaikumus salam, Malama. Sassaƙa ba ta dace ba, don mai sassaƙa rage abu yake yi. A nan ko ɓarɓashi ba ya fita, tura ƙarfen ake yi daga baya ya taso ta gaba. Fallen da aka fi amfani da shi lamba 36 ne, kaurinsa wajen milimita 0.13, almakashi ma na yanka shi. Za ki ɗora shi kan soso marar kauri ko fata mai laushi, ki shimfiɗa takardar adon a kai, ki bi layukan da tsinke mai dunƙulen kai. Sai ki kifa shi, ki riƙa murza cikin layukan a hankali, ki fara da babban kai kafin ƙarami. Daga nan ki juyo fuskar sama a kan gilashi, ki danne gefen kowane tudu har filin ya kwanta. Wanda ya tsallake wannan, adonsa zai fito kamar kumburi, ba shi da baki. Shi ya sa ban yarda da "kumburawa" ba. Ni "tayar da zane" nake cewa.

Mai Basilla: Malam, a baki ta yi, a rubuce ne matsalar. Mu da yadi muke aiki, kuma zanen ɗaurawa da zanen alƙalami rubutunsu ɗaya, furuci ne ya raba su. In na rubuta "a tayar da zanen kafin a ɗinka", wanne mai koyo zai ɗauka?

Malamin Hausa: Gaskiyarki, 'yar'uwa. Tunda Malam da kansa ya ambaci tudu, mu ƙera aikatau daga nan, yadda ake cewa hausanta ko sabunta: tudanta. Aikin ya zama tudantawa, abin da aka gama kuma tudantaccen falle. Kishiyarsa, wato adon da ya nutse ciki, muna da kalmarsa tuntuni: lotsawa.

Maƙerin Fari: Ta zauna, har ta sauƙaƙa bayanin kurakurai. In aka tudanta wuri ɗaya da ƙarfi lokaci guda, tsinken zai huda fallen, don ƙarfen sirancewa yake yi yayin da yake miƙewa. Jan ƙarfe kuma yawan murza yana taurara shi har ya tsage. Sai a gasa shi ya yi ja-ja, ya huce, laushinsa ya dawo. Kada a yi wa alminiyum haka da garaje, yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Celsius ba tare da ya yi ja sosai ba. Rubutu kuwa a juye ake yinsa ta baya, kamar a madubi. Tudu mai zurfi a cike bayansa da kakin zuma, in ba haka ba yatsa ɗaya zai lotsa shi.

Mai Basilla: To na karɓi tudantawa da lotsawa. Wajen ɗinki, a lanƙwashe bakin fallen don kada ya yanke zare. Keke na iya ɗinka shi da allura mai ƙarfi, lamba 16, amma a buɗe ɗinkin ya kai milimita 3 zuwa 4. In hujojin suka matsu, fallen zai yage ta kansu. Saura sunan tsinken nan mai dunƙulen kai.

Malamin Hausa: Tsinken tudantawa ya isa, Malama.