Muhawara: Shin fim ɗin Super Size Me hujja ne a kan abincin nan take?

Malamin makaranta, Kano: Assalamu alaikum. Jiya na sake kallon Super Size Me, fim ɗin bin diddigi da Morgan Spurlock ya fitar a Amurka a 2004, inda ya kwana 30 ba ya cin komai sai abincin kamfanin abincin nan take na McDonald's, safe da rana da dare. Ya ƙara kusan kilo 11, kitsen jininsa ya hau, hantarsa ta taɓu har likitansa ya nemi ya dakata, kuma sai da ya shafe wata 14 kafin ya koma nauyinsa na da. Matsayina shi ne fim ɗin ya isa hujja cewa irin wannan abinci yana lalata jiki, domin gani ya kori ji.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Ban yarda ya isa hujja ba. Mutum ɗaya ne, ya riƙa cin kimanin kalori 5,000 a rana, wato ninki biyu na bukatar jikinsa, ya kuma rage tafiya da gangan. Duk wanda ya yi wa tuwo da miyar taushe irin wannan ci na wata guda ba tare da motsa jiki ba, zai yi ƙiba. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne a Disambar 2017 Spurlock ya rubuta da kansa cewa tun yana ɗan shekara 13 yake shan giya, kuma cikin shekara 30 bai taɓa yin fiye da mako guda ba tare da ita ba. Masu kallo ba su san haka ba a lokacin da aka nuna musu sakamakon gwajin hantarsa, alhali kowa ya san abin da giya ke yi wa hanta.

Malamin makaranta, Kano: Gaskiyarki, Hajiya, wannan ya rage masa ƙima a idona. Amma an gwada abin a wani wuri. A Jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin, Fredrik Nyström da abokan aikinsa sun sa masu lafiya 18 sun yi mako huɗu suna cin irin abincin da yawa suna kuma rage tafiya, an buga sakamakon a 2008. A matsakaici kowa ya ƙara sama da kilo 6, kuma gwajin jini ya nuna hantar mafi yawansu ta taɓu.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya: To ka gani, Malam, hujjar taka ta tashi daga fim ta koma jami'a, abin da nake faɗa ke nan. Ko a can ma an sa su ninka abin da suke ci ne.

Ɗan kasuwa, Maraɗi: Ku gafarce ni, Malam da Hajiya, ina ganin ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya tsaya mini a rai a irin waɗannan fina-finai shi ne wane ne ke cin abincin. A fim ɗin Food, Inc. na 2008 an nuna wani magidanci mai ciwon suga da iyalinsa, waɗanda kuɗinsu ke isa su sayi baga, wato burodi mai nama a tsakiya, amma ba ya isa su cika kwando da ganye da 'ya'yan itace bayan sun biya kuɗin magani. Dalili shi ne gwamnatin Amurka tana tallafa wa noman masara, masarar kuma ita ce abincin shanu da kaji, ita ce zaƙin lemon kwalba, saboda haka waɗannan suka yi araha. A can abincin mai ƙaramin ƙarfi ne. A wajenmu lamarin a juye yake: wanda ya samu kuɗi ne ke kai 'ya'yansa cin soyayyiyar kaza da fiza, kuma idan tumbi ya fito sai a ce arziki ya zauna. Ni kaina da kasuwa ta buɗe mini na bar fura da kwaɗon zogale na koma farar shinkafa da nama da lemo kullum, ina ganin ci gaba ne, sai da aka auna ni aka ce jinina ya hau.

Ɗalibar jami'a, Katsina: Allah ya ƙara lafiya, Baba Alhaji. Sai dai ina jin tsoron mu ɗauki talauci mu mai da shi lafiya. Yaron da ke cin tuwon dawa da miyar kuka dare da rana, ba ƙwai ba wake ba madara, shi ma yana cikin haɗari, kuma cibiyoyin kula da masu tamowa a jihohinmu sun isa shaida. Bayan haka, ba na jin lamarin a juye yake gaba ɗaya. Taliyar leda da biskit da lemon roba sun shiga kowane lungu, kuma ɗan mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi cin su, domin sun fi saurin dahuwa a lokacin da gawayi da gas suka yi tsada.

Malamin makaranta, Kano: Na janye kalmar hujja, amma ban janye cewa fim ɗin ya yi aiki ba. Makonni kaɗan bayan an fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance, McDonald's ya sanar da zai daina sayar da mafi girman ma'aunin dankali da lemo, ko da yake kamfanin ya ce ba fim ɗin ne dalili ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya: Ya yi aiki, ban musa ba, Allah ya sa mu amfana. Amma idan za ka nuna wa ɗalibanka shi, Malam, ka gaya musu zancen giyar tun kafin ka kunna.