Fatar bangon bulo tana nuna layin haɗi idan aka jera ta

Sabon_shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako a kan teksca, wato hoton da ake lulluɓe samfurin 3D da shi kamar fata. Hoton bangon bulo ne da aka ɗauka da waya, aka yanka shi murabba'i a GIMP, manhajar gyaran hoto, fiksel 2048 kowane gefe. Shi kaɗai ba laifi, amma da zarar an jera shi sau huɗu ko biyar a kan dogon bango a Blender, manhajar ƙera samfurin 3D, sai layin haɗi ya fito ɓaro-ɓaro, kuma bangon ya zama gida-gida, nan haske nan duhu. Tile Seamless, dabarar GIMP ta haɗe gefunan hoto, ta ɓatar da layin, sai dai ta bar bulo a kan bulo, kamar an ɗora hoto biyu. Ina gyaran yake? Ko sai an koma Photoshop?

Tsohon_hannu:

Wa alaikumus salam. Malam, ba manhaja ce matsalarka ba, GIMP ta wadatar. Ka fara daga ƙarshe ne. Ɗinke gefe shi ne aiki na uku, akwai biyu kafinsa.

Na farko, miƙe hoton. Waya ba ta cika fuskantar bango sak ba, saboda haka layukan siminti suna ɗan karkata. Jawo layukan jagora daga rula, ka ɗauki Perspective, ka ja kusurwoyin har kowane layin siminti ya kwanta a kan jagora. Wajen yanka kuma ka ƙirga sahun bulo: su zama shida, takwas ko goma, kada su zama mara. Bulo sahu-sahu ake goce shi, idan ka yanka sahu bakwai, na sama da na ƙasa za su haɗu da tsari iri ɗaya, kuma babu burushin da zai ɓoye wannan.

Na biyu, kashe hasken da ke cikin hoton, don shi ne ke jawo gida-gidan nan. Gefe ɗaya na bangon ya fi samun rana, kuma kyamarar waya tana ɗan duhunta kusurwoyi. Ido ba ya lura da haka a hoto ɗaya, sai an jera. Kwafi leyar, ka sa wa ta saman Gaussian Blur, mai dusasa hoto, fara da 100 ka riƙa ƙarawa har ba a iya gane bulo ko ɗaya, sai haske da duhu kawai. Mayar da yanayin wannan leya Grain extract. Abin da take yi lissafi ne: tana ɗebe ta sama daga ta ƙasa, ta ƙara 128. Hoton zai koma toka-toka, kada ka firgita. Buɗe sabuwar leya a sama, cika ta da matsakaicin launin bulon, ka sa ta Grain merge, launi zai dawo ba tare da inuwar ba. Idan dusashewar ta yi kaɗan, bambancin launin bulo da bulo ma zai tafi, bangon ya zama kamar roba.

Sai na uku. Haɗe leyoyin, ka shiga Layer, Transform, Offset, ka matsar da rabin faɗi da rabin tsawo, wato 1024 da 1024, tare da Wrap around. Gefuna huɗun za su taru a tsakiya kamar alamar tarawa. Yi amfani da burushin Clone, mai kwafo wani wuri, a kan layin siminti, burushin Heal, mai kwafowa ya saje da launin wurin, a kan jikin bulo. Burushi mai ɗan kaifin baki ya fi, mai laushi sosai yana barin dishi-dishi wanda shi ma layi ne. Kada ka taɓa fiksel ɗin bakin hoton.

Tile Seamless narkar da hoton take yi a kan kwafinsa da aka gusar. Tana wucewa a kan yashi ko tsakuwa, amma duk abin da ke da layi sai ta ɓata shi.

Mai_burushi:

Bayanin Tsohon_hannu ya yi, sai dai a mataki na uku ni Krita zan ba ka shawara, ita ma kyauta ce. A ƙarƙashin View akwai Wrap Around Mode: hoton zai maimaitu ta ko'ina a allo, kuma idan burushi ya fita ta dama sai ya shigo ta hagu. Ba sai ka yi ta gusarwa kana dawowa ba. Photoshop ma tana da irinsa, Pattern Preview.

Amfaninsa babba shi ne ka ja baya ka ga hoton a jere biyar-biyar. A nan za ka kama abin da ya fi layin haɗi tona asiri: bulo ɗaya da ya fi sauran ja, ko tabo, ko tsaga. Ido na kama shi sau ɗaya, sai ya bi shi har ƙarshen bango. Shafe duk wani abu mai fice irin wannan. Tabo da datti a ajiye su a wani hoto dabam wanda ake iya ganin abin da ke bayansa, a manna su a inda ake so daga baya.

Fiksel16:

Ƙari a kan girma da adanawa. 2048 daidai ne, a tsaya a kan 512, 1024, 2048 saboda injin wasa yana rage hoton rabi-rabi don abin da ke nesa. Amma ka san nauyinsa: 2048 sau 2048 sau bayit 4 ya kama megabayit 16 kafin matsewa, ƙananan kwafin kuma su ƙara kashi ɗaya cikin uku. Bangon da ba za a matso kusa da shi ba, 1024 a kan mita biyu ya ishe shi.

Kada ka adana da JPEG ana cikin aiki. Yana matse hoto ne gida-gida na fiksel 8 sau 8, kuma gidajen nan suna fitowa fili idan ka ciro taswirar nomal, wato hoton da ke nuna wa haske alkiblar da kowane wuri ya fuskanta don bangon ya zama kamar mai tudu da kwari. PNG ko TIFF. Taswirar tudu da kwari kuwa a yi ta a bit 16: bit 8 matakai 256 ne kacal, gangare ya zama matakala, bit 16 kuma 65,536.

Ita wannan taswira gara ka zana ta da hannu, siminti baƙi, bulo fari, ka ɗan dusasa bakin. Mayar da hoton launi zuwa baƙi da fari yaudara ce, don simintin da ya fi bulo haske sai ya taso sama maimakon ya lotsa.

Sabon_shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Gida-gidan ya tafi tun a mataki na biyu. Saura ɗaya: an ciro nomal da Normal Map na GIMP, amma a Blender bulon kamar ya lotsa ciki, hasken ma wani iri.

Fiksel16:

Abu biyu za ka duba. A kullin Image Texture na nomal ɗin, mayar da Color Space zuwa Non-Color, sannan ka bi da shi ta kullin Normal Map kafin ya shiga Principled BSDF. Lambobin da ke cikinsa alkibla ce, wuri mai shafe shi ne ja 128, kore 128, shuɗi 255, idan aka karanta su a matsayin sRGB, wato launin hoto na yau da kullum, sai su karkace. Haka za ka yi wa taswirar kaushi.

Idan har yanzu haske daga sama yana fitowa kamar daga ƙasa, tashar kore ce, wato lambar koren nan, a juye. Blender da injunan wasa Unity da Godot tsarin OpenGL suke bi, injin Unreal kuma tsarin DirectX, bambancinsu koren nan ne kawai. A tagar Normal Map ta GIMP akwai Flip Y, danna shi ka sake fitarwa.